Gonata Tana Hannun Ikilisiya

Mijina ya mutu da bazara, gajimare ya fara taruwa ta gabas amma ruwa bai sauka ba. Ciwon ciki ne, bai daɗe ba. A kan babur muka kai shi asibiti, a bayan motar kaya muka dawo da shi. Ya bar mini 'ya'ya mata uku da gona guda.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kiru, ta wajen Ɗansoshiya. Mu Kirista ne, kakanninmu Maguzawa. Gidajenmu ba su da yawa, cocinmu ɗaya, ginin ƙasa da rufin kwano. Kewaye da mu Musulmi ne, Hausawa da Fulani. Kasuwa ɗaya muke ci da su, muna zuwa musu gaisuwar mutuwa suna zuwa mana. Amma kowa yana kallon kowa. Abin da mutanen cocinmu suka fi tsoro bai wuce a ce Musulmi sun ga gazawarmu ba.

Gonar tana kan tudu, da bishiyar ɗorawa a tsakiyarta. Daga ɗorawar nan nake yin daddawa in sayi gishiri da sabulu. Kowane rani wani Bafulatani da muke ce wa Baffa yakan sauka a cikinta da shanunsa, su ci kara, su bar mana kashi. Shi da mijina tun suna yara suke tare. A shekarar nan shanun sun daɗe a gonar fiye da kullum, har ƙasar ta yi baƙi. Duk wanda ya biyo hanyar sai ya tsaya ya duba. Wan mijina ma ya tsaya ya duba. Yaya nake ce masa. Dattijo ne a coci.

A wajenmu gona ta maza ce. Matar da mijinta ya mutu ba ta da ɗa namiji tana riƙe gonar muddin tana nomanta tana ciyar da marayu. Shekarar da gonar ta kasa, dangin miji su karɓa. Ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan da baki. Kowa ya sani.

Lahadin da na fita daga makoki, Fasto ya yi wa'azi a kan gwauraye da marayu. Ba mugun mutum ba ne. Baƙo ne da aka turo mana daga nesa, ɗan birni, bai san lokacin shuka ba sai an gaya masa. Ya yi magana har muryarsa ta yi rawa. Daga nan ya ce in tashi tsaye. Na tashi.

Ya ce, "Daga yau gonar 'yar'uwarmu tana hannun ikilisiya. Kada ta ɗaga fartanya. Mu za mu huɗa, mu za mu shuka. Maƙwabtanmu su gani, su san mu ba ma yar da namu."

Coci ya ɗauka da amin. Mata suka yi guɗa. Na yi kuka, kukan godiya kuwa. Ban tsaya na tuna wanda yake tsara gayyar ikilisiya ba. Yaya ne.

Gayyarmu rana ɗaya ce a mako, Talata. Maza su fito da garmuna da shanun huɗa na masu shanu, mai gona ya yi kunu da tuwo. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙa har ciki. Talatar farko aka tafi gonar ikilisiya. Haka aka saba. Ta biyu aka tafi gonar Fasto. Wannan ma haka aka saba. Ta gaba aka ce tawa ce. Na jiƙa gero, na niƙa, na dama kunu cike da babbar tukunya, na tuƙa tuwo da ɗan abin da ya rage a rumbu. Muka kai bakin gona ni da 'ya'yana muka zauna a ƙarƙashin ɗorawa. Rana ta yi tsaka ba kowa. Ashe rasuwa aka yi a wani ƙauye, maza duk sun tafi jana'iza. Ba wanda ya aiko. Kunun ya yi tsami, na ba awakin maƙwabta.

Talatar da ta biyo, taron maza aka kira a Tudun Wada.

Takin da zai ciyar da masara ya fara ciyar da ciyawa. Ban taɓa ganin ciyawa ta tashi haka ba. Gonakin mutane masara ta tsiro layi-layi, tawa ta zama makiyaya.

Na je wajen Yaya da yamma. Yana zaune a ƙofar gida yana gyara ƙotar garma. Na durƙusa.

"Yaya, barka da yamma."

"Barka kadai, uwar mata. Ya marayu?"

Uwar mata yake kirana tun ranar da na haifi ta uku. Mijina yana raye yakan haɗa da dariya. Yanzu ba dariya.

"Lafiya lau. Yaya, ruwa yana wucewa."

"Ke kike saukar da shi?"

"A'a."

"To gaggawar me kike yi? Ikilisiya ta yi alkawari a gaban Allah. Ko kina ganin ƙarya Fasto ya yi?"

"Ban ce ba."

"To tashi ki tafi. Ki yi ta addu'a."

Washegari na ɗauki garmar mijina ta hannu na shiga gonar. Tana da nauyi, amma na iya. Ban gama kunya ɗaya ba sai ga uwar zumunta, shugabar matan cocinmu, tana sauri tana riƙe da zani. Tsohuwa ce, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka.

"Ke! Ajiye abin nan. Ajiye, na ce."

"Mama, shuka zan yi."

"A bakin hanya? Masu zuwa kasuwa su gan ki da garma ke kaɗai? Gobe a ce a masallaci Kirista sun yi alkawari sun bar gwauruwa tana huɗa da hannu? 'Yata, kada ki tsiraita mu."

"Mama, me za mu ci?"

"Allah ba ya barci. Kawo garmar."

Ta karɓa, ta ɗora a kai, ta tafi da ita gidanta don kada shaiɗan ya sake rinjayata. Haka ta faɗa. Da zuciya ɗaya ta yi, na sani. Wannan bai sa garmar ta dawo ba.

Matar Baffa takan biyo ta ƙofarmu da ƙwaryar nono. Ta ga gonar, ta gan ni, ba ta tambaye ni komai ba. Washegari da sassafe na ji ƙarar sarƙa a bayan gida. Na leƙa, sai ga Baffa da bijimai biyu a ɗaure da karkiya, garmar shanu a kafaɗarsa.

"Matar abokina, fito da iri."

"Baffa, an ce ikilisiya za ta yi."

"Na ji. Duk ƙasar nan an ji. Ku mutanen coci waƙa dai kun iya. Da waƙa tana huɗa da kun gama har gonakin Bebeji. Takin nan shanuna suka zuba, ba zan tsaya ina kallo ciyawa ta cinye ba. Fito da iri, rana tana yi."

Irina jar masara ce da na zo da ita daga gidanmu a Doguwa lokacin aurena. Tana rataye a madafa, hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari. Na ɓare kaɗan a ƙwarya. Baffa ya kafa garma daga gefen gabas, ƙasar tana juyawa baƙa wuluk, ni da babbar 'yata muna bin sa muna jefa iri muna takewa. Tun mutuwar mijina ban ji numfashina ya sauka har ciki ba sai ranar.

Bai yi nisa ba. Kunyoyin ba su kai yatsun hannu ba muka hango su, Yaya a gaba, Fasto a baya yana tattare wando saboda raɓa. Yaya ya tafi kai tsaye ya tsaya a gaban bijiman.

"Malam, wa ya gayyace ka?"

"Gonar abokina ce."

"Abokinka yana cikin ƙasa. Yanzu matarsa kake yi wa huɗa? Tun da sassafe, ba namiji a gida? Ko tun yana raye kuka fara?"

Na ga hannun Baffa ya matse igiya har jijiyoyin suka fito.

Fasto ya shiga tsakani da murmushi. Ya ce, "Maƙwabci, mun gode ƙwarai. Amma mu ba mu gaza ba. Wannan nauyinmu ne."

Baffa ya juyo ya dube ni. "Ke me kika ce?"

Na ce, "Baffa, ci gaba."

Fasto ya buɗe baki kamar na mare shi. Yaya ya yi murmushi, shi abin da ya zo nema ya samu.

Baffa ya zare garmar daga ƙasa. Ya ce, "Ba za a ɓata ki a kaina ba. Kuma in na taɓa mutumin nan, ba ni kaɗai za a kora daga ƙasar nan ba." Ya kora bijimansa ya tafi, bai waiwaya ba. Daga shekarar bai sake sauka a gonar ba.

Lahadi aka yi sanarwa a gaban kowa: an sa ni a horo, saboda taurin kai da kunyata ikilisiya a gaban waɗanda ba su ba da gaskiya ba. Ɗaya maganar, ta ni da Baffa, ba a faɗe ta a coci ba, a rijiya aka faɗe ta. Akwai benci a can baya kusa da ƙofa, wanda masu horo suke zama. Nan na koma. Ba cin jibin Ubangiji, ba shiga cikin mata a yi waƙa. 'Ya'yana suna gaba suna waiwayena.

Dattawa kuma suka ce ba a yi wa mai horo gayya sai ya tuba.

Na ce to na tuba. Aka ce ba haka ake yi ba, sai majalisar dattawa ta zauna ta duba. Majalisa ba ta zauna ba, kowa yana noman fari a gonarsa. Na je gidan Fasto na durƙusa a tsakar gida. Matarsa ta ba ni ruwa. Shi ya ce yana yi mini addu'a kullum, amma ba ya iya tsallake dattawa. Na je gidan Yaya. Aka ce yana gona. Na sake zuwa. Aka ce yana barci.

Sai da masarar mutane ta kai ƙugu aka kira ni. Na tsaya a gaban coci na ce na yi zunubi, a gafarta mini. Har yau ban san wanne ba. Aka ce amin. Uwar zumunta ta rungume ni tana hawaye.

Talatar da ta biyo suka zo. Duk suka zo, har da waɗanda ba su taɓa fita gayya ba. Shanun huɗa har na aro, mata da tulunan kiɗa, samari suna ihu suna tsere. Na ari gero na yi musu kunu. Ciyawar ta kai ƙirji, sai da aka fara sara kafin garma ta shiga. Suna aiki suna waƙa da ƙarfi don masu wucewa su ji. Masu wucewa kuwa sun ji, wasu suka tsaya a kan kekunansu suna kallo. Manoma ne su ma. Na ga wani tsoho ya dubi sama, ya dubi gonar, ya kaɗa kai ya wuce.

Babu namiji ɗaya a cikin masu gayyar nan da zai shuka masara a tasa gonar a wannan lokacin. Duk sun sani.

Na matsa kusa da Yaya na rage murya. "Yaya, lokacin masara ya wuce. A sa wake. Wake zai yi."

Shi bai rage tasa ba. "Kun ji uwar mata? Jiya ta tuba, yau tana koya wa dattawa noma. Masara aka yi alkawari, masara za a shuka. Kawo irin."

Aka yi dariya. Wani ƙanen mijina na nesa, wanda muke wasa da shi da can, ya ce, "Matarmu, ko sai mun ɗauro rawani mun zo da sanda kamar Baffa sannan za ki yarda da aikinmu?" Aka sake dariya, har da mata.

Na kawo irin. Suka zuba shi duka a ƙasa, ba su bar mini ko goyo ɗaya ba. Da suka gama Fasto ya tara su a ƙarƙashin ɗorawa ya yi addu'ar godiya, ya ce yau an ga ƙauna a aikace. Ya ce in yi magana. Na ce na gode.

Masarar ta tsiro. Na nome ta da fartanyar aro, ni da yaran. Ta kai gwiwa, ta ɗan wuce, ta fara fitar da kai, ruwa ya ɗauke. Ta tsaya nan ta bushe. In ka ɓare goyon ba ka samun komai sai ɓawo da 'yan ƙwayoyi kamar haƙoran tsohuwa. A gefen gabas kuwa masarar kunyoyin Baffa ta fi tsawon mutum, kowane kara da goyo kamar damtse. Daga hanya ana ganinsu. Ban taɓa jin wani ɗan coci ya yi maganarsu ba.

Bayan kaka Yaya ya kira zaman iyali, ya gayyato Fasto ya zama shaida. Aka shimfiɗa musu tabarma, ni na zauna a ƙasa daga gefe.

Yaya ya ce, "Baba Fasto, ka gani da idonka. Ikilisiya ta yi iya ƙoƙarinta. Mun huɗa, mun shuka. Gonar da ta fi kowace taki a garin nan, ga abin da aka samu. Mace ba za ta iya ba. In muka bar ta, marayun ƙanena yunwa za ta kashe su. Ni zan ɗauki nauyin. Zan noma, in riƙa ba su."

Fasto ya juyo gare ni da fuskar tausayi. "'Yar'uwa, kin ji. An sauke miki kaya. Ba kowace gwauruwa take samun dangin miji irin wannan ba."

Na ce, "Da an shuka da wuri da ta yi."

Yaya ya ce, "Da ba ki jawo wa kanki horo ba da an shuka da wuri."

Fasto ya sunkuyar da kai. Ya ce a yi addu'a.

Kafin su tashi Yaya ya shiga madafata. Da ma na rataye manyan goyon da na tsinta daga kunyoyin Baffa, don iri. Ya sauke su. Ya ce iri na gona ne, gona kuwa ta koma hannunsa. Da lokacin ɗorawa ya yi na je da ƙugiya, na tarar matan gidansa sun riga sun kaɗe. Bishiya ma ta gona ce.

Abin da ya ce zai riƙa ba mu, ya ba mu sau ɗaya, a kwano.

Na shiga ƙwadago. Na yi cirar shinkafa a fadamun mutane, na yi ɓarar masara, na yi casar waken suya har tafin hannuna ya daina jin zafi. Yawancin masu ɗaukata Musulmi ne. Ba wanda ya ce wannan ya kunyata ikilisiya.

Matar Fasto ta zo da wani taimakon. Ta ce akwai wasu 'yan'uwa masu bi a Kano suna neman yarinya mai hankali ta taya su aikin gida, za su sa ta a makaranta. Baki ɗaya ya ragu, ta ce. Na ba da babbar. Ta tafi tana yarinya mai surutu, wadda sai na ce ta yi shiru in ji kunnena. Ba a sa ta a makaranta ba. Da ta dawo bayan shekaru ba ta magana, in an ɗaga hannu kusa da ita sai ta kare fuska. Ban tambaye ta ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

Shekarar da ta biyo bayan karɓe gonar, Yaya ya shuka ta da ruwan farko. Bai jira Talata ba. Takin shanun Baffa yana nan bai ƙare ba. Masarar da aka yi, sai da aka kawo amalanke ya yi ta sawu.

Ranar godiyar kaka kowa yakan kawo daga abin da ya noma, a tara a gaban coci, a ware na gwauraye. Yaya ya shigo da buhu, 'ya'yansa maza suna ɗauke da shi, ana kiɗa. Ya nemi izinin magana.

Ya ce, "Wannan daga gonar marigayi ƙanena ne. Na ce ba zan ci ni kaɗai ba. A raba wa gwaurayen ikilisiya duka."

Aka yi tafi har kwanon rufi ya amsa. Fasto ya ce ga misali, sauran maza su koya.

Aka kira mu gwauraye mu fito. Ba a fita haka kawai, sai da rawa, kowace da kwanonta, mata suna kiɗan tulu. Akwai makauniya a cikinmu, akwai wadda ƙafarta ta kumbura, duk sai da suka taka. Uwar zumunta ta dafa bayana. "Saki fuska, 'yata. Ana kallo."

Na taka. Na miƙa kwano. Yaya da kansa yake awo. Ya cika, ya shafe kan da tafin hannunsa don kada ya yi tozo, ya zuba mini. Jar masara ce. Ta gidanmu.

"Uwar mata, ba godiya?"

"Na gode, Yaya."

Na kai gida, na surfa, na niƙa, na tuƙa. Muka ci. Ta yi daɗi kamar yadda take yi kullum.

Matar Baffa ta taɓa tambayata me nake yi har yanzu a cikin mutanen nan. Na ce mata Allah ba na Yaya ba ne. Ba ta sake tambaya ba. Ban bar coci ba, ban kuma koma bencin gaba ba. Horo ya ƙare tuntuni, amma na saba da wurin. Akwai iska a bakin ƙofa.

An sauya Fasto, an sake sauyawa. Uwar zumunta ta mutu, garmar mijina tana ɗakinta, 'ya'yanta suka gada. Yaya ya tsufa, ido ya tafi, amma ana jawo shi a zaunar a kujerar dattawa.

Bara wani saurayi a cikinmu ya faɗo daga motar rake ya mutu, shi ma da bazara. Ya bar matarsa, yarinya, da goyon 'ya mace. Lahadin da ta fita daga makoki sabon Fasto ya yi wa'azi mai kyau. Ya ce ta tashi tsaye. Ta tashi. Ya ce daga yau gonar 'yar'uwarmu tana hannun ikilisiya.

Kafin a ce amin na tashi.

Na ce, "Wace rana?"

Kowa ya waiwayo. Mace ba ta magana lokacin sanarwa, balle daga bencin baya. Fasto ya ce, "Mama, me kika ce?"

"Wace rana za a huɗa?"

"Dattawa za su zauna su tsara."

"Wace rana?"

Wani ya ce a zaunar da tsohuwar nan. Mai tsaron ƙofa ya kama hannuna, na fizge. Daga kujerar dattawa na ji muryar Yaya, ta tsufa amma ita ce: "Uwar mata ce ko? Har yanzu ba ta tuba ba." Wasu suka yi dariya.

Na ce, "Baba Fasto, masara ba ta san Talata ba. Ka faɗi rana a nan, a gaban yarinyar nan, kafin gonar ikilisiya, kafin taka. In ba za ku iya ba ku sake ta ta nemi mai yi mata, ko wane ne."

Fasto yaro ne, ɗan manoma. Ya dube ni, ya dubi dattawa, ya dubi yarinyar. Ya ce, "Washegarin ruwan shuka."

Ba a yi guɗa ba. Amin ɗin ma ƙasa-ƙasa aka yi.

Ruwa ya sauka. Washegari na je bakin gonarta na zauna a kan dutse. Ba duka suka zo ba, waɗanda suka zo ma suna gunaguni, ba kiɗa ba waƙa. Ɗaya ya ce da ni, "Mama mai bakin wuta, kin zo duba mu ne?" Na ce eh. Kafin rana ta karkata sun huɗa sun shuka. Yarinyar ta zo ta durƙusa za ta yi mini godiya. Na ce ta tashi ta je ta ɓoye sauran irinta inda ba wanda ya sani.

Masararta ta yi. Gonar tana hannunta har yanzu.

Tawa tana hannun babban ɗan Yaya. Ya sare ɗorawar ya sayar wa masu gawayi, ya ce inuwarta tana hana amfani. Hanyar kasuwa ta nan ta bi, ba wata. Ina wucewa duk mako. Wani lokaci yana ciki, ya ɗago ya ce, "Sannu, Inna." In ce, "Sannu da aiki."